Lafiya Lau a Ƙarƙashin Teku

Tun ranar da hoton nan ya fita, wanda nake sanye da baƙaƙen kayan roba da tulun iska a gadon baya, ban huta ba. Duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta ajiye gaisuwa a gefe ta ce, wai Hajara da gaske ke ce? Ke da ko lambatun Kura ba kya tsallakewa sai an riƙe miki hannu? Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kullum sai wata ta shigo a makare ta ce a koma farko. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta bar ni in sha ruwa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Kuala Lumpur ba, karatun digiri na uku ne a kan kankare. Tambayar da na je amsawa ita ce: idan aka ƙona ɓuntun shinkafa, wannan da ke jibge tsibi-tsibi a bayan injinan casa na garinmu, aka gauraya tokarsa da siminti, kankaren zai jure ruwan gishiri ko kuwa zai zube? Saboda haka da muka tashi daga Kano, ni da maigidana Baban Nana da 'yarmu, akwai farar toka cikin robobi uku a akwatina. Ban ga aibun haka ba sai da muka sauka, bayan kusan kwana guda a sama da zaman jiran jirgi na biyu. Jami'in kwastan ya buɗe akwati, ya ga farin gari a hannun baƙuwa daga Najeriya, ya dube ni, ya kira wani. Wanin ma ya kira wata. Na miƙa wasiƙar Farfesana, suka karanta, suka shinshina, suka ɗiba suka shiga da shi ciki. Awa biyu muna zaune. Abin da ya sallame mu a ƙarshe daddawar Baban Nana ce, don da suka kwance ƙullinta sai kowa ya ja da baya, aka ce mu rufe mu wuce.

Mun sauka a unguwar Setapak, a hawa na sha ɗaya, ɗaki biyu da falo. 'Yan ƙasar mutanen kirki ne, amma sun ɗaure mini kai da sukari. A miya sukari, a yaji sukari, har kifi sai an sa masa. Da safe shinkafa ake karyawa da ita, dafaffiya da ruwan kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi a gefe, suna ce mata nasi lemak. Wata uku ina kushe ta, daga baya ni ce mai aiken Baban Nana kedai, shagon abincinsu, ya yo mana tapau, wato a ƙunso a kawo gida. Nana kuwa kafin shekara in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da Malayanci.

A shekarar farko na buga bululluka goma sha biyu da hannuna, wasu da tokar wasu babu, na rubuta wa kowanne lamba, aka kai su tsibirin Tioman aka nutsar a zurfin mita ashirin da huɗu. Sharaɗin binciken shi ne idan sun cika shekara biyu a duba su a inda suke, kafin a motsa su. Farfesa ya ce za a iya ɗaukar hayar mai nutso, amma mai nutso bai san tsagar kankare da layin da katantanwa ta ja ba. Sai idona. Kuma jami'a ba ta yarda ɗalibi ya wuce zurfin da katinsa ya ba shi ba. Katin matakin farko iyakarsa mita goma sha takwas, sai mai mataki na biyu, wanda suke kira adbans, ke kaiwa talatin. Ga wani ƙulli kuma: daga wajen watan Nuwamba iskar damina takan rufe tekun gabas, masu masauki su ƙulle ƙofa, jiragen fito su ja baya har wajen Fabrairu ko Maris. Tallafin karatuna bai kai ya jira ni ba. In ban ga bulullukan nan kafin iska ta taso ba, shekara uku ta tafi a banza, in koma gida da akwati da kunya.

Haka na sami kaina a wani wurin wanka a cikin gari, gaban malamar nutso mai suna Yati. Kak Yati muke ce mata, kamar a ce Yaya. Gajera ce, ta girme ni da kusan shekara goma, tana sa ɗan hijabin roba mai kama kai, kuma ita ta nuna mini inda zan sayi nawa. Ta fara da koya mini iyo, don ko shi ban iya ba. Wata biyu ina shan ruwan wankan mutane kafin ta ɗora mini tulu. Ta koya mini yadda ake toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe yayin sauka, da yadda ake duba agogon iska, da maganar hannu, tunda a ƙasa babu baki. In ta haɗa babban yatsa da manuni ta yi zobe, tambaya ce: lafiya? In lafiya, ka mayar mata da zobe. In da matsala, ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa, ka nuna wurin da ke damunka. Na ce a raina wannan ai shi ne mafi sauƙi a duk karatun.

A watan Yuli muka tafi teku. Bas daga babbar tasha zuwa Mersing, wajen awa biyar zuwa shida, an ƙure sanyi kamar ana safarar nama. Daga nan jirgin fito zuwa Tioman, wanda ba agogo yake bi ba, cikar ruwa yake jira. Baban Nana ya raka ni, mun bar Nana wajen maƙwabciyarmu 'yar Zariya. Jirgi bai yi rabin hanya ba ya rungume leda yana cewa shi kam yau kwanansa ya ƙare, in yafe masa. Kowa a jirgin ya san halin da yake ciki. Ni ma cikina yana juyawa, amma da wata tsohuwa ta tambaye ni na ce mata ba komai.

Masaukinmu ɗakin katako ne a bakin ruwa. Mai gidan ta ja kunnenmu mu riƙa rufe taga saboda birai, ba mu ji ba, kafin la'asar dambun naman da na yi tattali tun daga Kano ya hau bishiya. Akwai kuma wasu guzaye masu tsawon mutum da ke ratsa hanya ba su kula kowa, mutanen gari ma ba sa kula su. Abin da ya burge ni shi ne ɗan masallacin bakin gadar da jirage ke tsayawa, inda aka rataye fararen hijaban salla wankakku don kowace baƙuwa ta ɗauka. Mu fito daga ruwa, mu canja, mu yi salla, mu koma.

Nutso huɗu ake yi a ci matakin farko. Uku sun tafi lafiya. A na huɗu, muna bin igiya muna sauka, kunnena na hagu ya ƙi buɗewa. Na hura, shiru. Zafi ya fara kamar ana tura mini tsinke. Kak Yati ta juyo ta yi mini zobe, na mayar mata da zobe. Na san darasin sarai, na san ɗaya alamar, amma ga ɗalibai uku suna jira a kan igiya, ga baiwar Allah tana ta ɗawainiya da mu tun safe, ta yaya zan tsayar da jama'a saboda kunnena? Na cije abin shaƙar iska da ke bakina na ci gaba. Da muka fito na cire gilashin fuska, akwai ɗan jini a ciki, kunnen kuma ya toshe ɗif.

Duk da haka, muna taka gada na ce mata gobe sai mu fara adbans, tunda na karanta cewa doka ba ta hana mutum ya zarce kai tsaye ba. Ta ce gaskiya ne, da yawa suna yi, kuma ga wasu ma ya fi, don suna ƙara nutso biyar a gaban malami tun hannunsu bai saba da kuskure ba. Sannan ta ajiye tulun da take wankewa.

"Hajara, sau nawa na tambaye ki a ƙasa?"

Ta ɗaga yatsu huɗu.

"Sau huɗu. Sau huɗu kika ce mini lafiya. Ni ma da laifina, na yarda da hannunki na bar idonki. Katin farko kin ci, zan ba ki. Na biyu kuwa, tak boleh."

Tak boleh, wato ba zai yiwu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na lissafa mata shekaruna uku, da iskar da ke tafe, da Farfesa. Ta saurara har na gama. Ta ce ita ba yawan nutson da ke littafin mutum take dubawa ba, ta ga mai nutso hamsin da ba za ta kai shi zurfi ba, ta ga mai shida da ta kai. Abin da take jira shi ne ranar da ɗalibi zai daina tunanin inda hannunsa da ƙafarsa suke, ya riƙa duba agogon iskarsa ba sai an tuna masa ba. Don a can ƙasa iska tana saurin ƙarewa, kai kuma yakan yi nauyi kamar na mai gyangyaɗi. Ta ce wanda ya ɓoye mata ciwo a mita goma sha biyu kunne zai rasa, a mita talatin kuwa ba ta son ta faɗi abin da zai rasa.

Na bar ta a nan na taka zuwa wani shagon nutso a ƙarshen gari. Na nuna takardata, suka ce boleh, gobe da safe. Ban faɗa musu zancen kunne ba, su ma ba su da dalilin tambaya. Na dawo da niyyar ɗaukar jakata in koma in rubuta suna, kaina yana sarawa. Baban Nana yana zaune a bakin ɗaki, ya ɗago ya ce, "Sannu Maman Nana, ina gajiya?"

"Ba gajiya," na ce.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tuntsire da dariya. Ya ce ga ki nan kamar a hure ki ki faɗi, amma ba gajiya. Ya ce matar nan tambaya take yi miki, ke kuma gaisuwa kike amsawa. Na so in yi masa masifa, amma ya faɗi gaskiya. Mu haka aka raine mu. Ina kwana, lafiya lau. Ya jiki, da sauƙi, ko da ana riƙe da mutum ne. Innata ta haife mu mu bakwai ba wanda ya taɓa jin ƙararta, kuma da wannan ake yabonta a dangi. Abin da ya sa ake ce mini mai haƙuri a gida shi ya kusa kurumtar da ni a teku. Ban koma shagon nan ba.

Likita a Setapak ya leƙa kunnen ya ce Allah ya rufa asiri bai fashe ba, amma wata guda ba ni ba nutso. Agusta ta tafi ke nan. Kak Yati ta ba ni aikin gida, wai duk wanda ya tambaye ni lafiya in tsaya in duba kafin in amsa. Na gwada a kan Inna a waya. Ta ce kuna lafiya? Na ce Inna kunnena ke ciwo. Sai ta kashe wayar. Kafin awa ɗaya Kawu ya kira daga Bunkure, ƙanwata ta kira tana kuka, an riga an toya wainar sadaka. Hujjar Inna ita ce in har Hajara ta buɗe baki ta faɗa, to kunnen an yanke shi ne. Ita kuwa duk sanda na tambaye ta ƙafarta da na ji an ce tana ɗan ja, sai ta ce da sauƙi.

Daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba sau uku muna bin bas ɗin sanyin nan. Nutso tara na ƙara, duk a ruwa marar zurfi. Na sha abin kunya. Na taɓa tayar da yashi da takalman agwagwan nan har aka daina ganin juna. Na taɓa cika falmaran ɗin nutso, mai daidaita nauyin mutum a ruwa, da iska na tashi sama ƙafafu a gaba, Kak Yati ta kamo ni ta ɗamara. Sannu a hankali jiki ya saba. Wata rana na tsinci kaina a tsaye cik a tsakiyar ruwa, ba na sama ba na ƙasa, ina kallon wata kififiya tana cin abincinta, hannuna ya je ga agogo da kansa. Da muka fito Kak Yati ta ce mako mai zuwa in zo da shirin adbans.

Mun iso an fara buga katako a tagogin wasu shaguna. Teku ta canja fuska, ta yi duhu tana tuƙa. Ranar farko muka yi darasin bin kamfas da sauran na ruwa marar zurfi. Washegari da safe ne nutso mai zurfi, kuma Kak Yati ta zaɓi wurin da bulullukana suke. Mai kwalekwalen, wani dattijo da ba ya son magana, ya dubi sama ya ce yau dai za a iya, gobe sai abin da Allah ya yi.

Muka kama igiya. Mita biyar, lafiya. Goma, lafiya. A sha huɗu kunnen hagu ya kulle. Na hura, na haɗiyi yawu, na motsa muƙamuƙi, shiru. Tsinken nan ya dawo. Ƙasa da ni ina hango duhun wurin, mita goma kacal tsakanina da shekara uku. Kak Yati ta juyo ta yi zobe.

Wallahi yatsuna sun riga sun fara haɗuwa da kansu. Na ji tsoro, ba tsoron ruwa ba, tsoron in faɗa a ce mu koma sama, gobe kuma iska ta taso. Na ce a raina ai na taɓa daurewa na rayu. Sai na buɗe yatsun, na shimfiɗa tafin, na karkaɗa, na nuna kunne.

Ta ɗaga ni sama kaɗan, na gwada, bai buɗe ba. Ta ƙara ɗaga ni, na sake, bai buɗe ba. Ta yi alamar a tashi. Muka hau a hankali, ni ina kuka a cikin gilashi.

A cikin kwalekwale na juya wa kowa baya. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini shayi mai zaƙin nan nasu.

"Kak, na zubar da shi da hannuna," na ce.

"Yau kika zama mai nutso, lah. Tun Yuli wannan hannun nake jira."

Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, bulullukana nake so ba yabo ba. Na wuni ba na cin abinci. Baban Nana, wanda ko gwiwarsa bai taɓa sa wa a tekun ba, ya yi ta zarya bakin gada yana duba gajimare kamar manomi.

Da asuba muka fito salla, ruwa ya kwanta luf. Dattijon ya ce mu yi sauri. Wannan karon tun daga mita ɗaya nake hura kunne, kowane taku, ba na jira sai ya yi zafi. A sha huɗu na tsaya, na hura, na ji ya yi ƙis ya buɗe. Sha takwas, iyakar tsohon katina, na wuce. Haske ya ragu, jan hijabin Kak Yati ya koma ruwan toka. Sai ga su a jere a kan yashi, goma sha biyu, kamar yadda aka ajiye su. Gansakuka ta rufe su, ƙananan kifaye sun mai da ramukansu gida. Na share fuskar na farko da yatsa, ga lambar da na rubuta da ƙusa a ɗakin gwaji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu tokar Kura ko tsaga ɗaya babu. Tokar da ta zaunar da ni awa biyu a hannun kwastan, ga ta a gindin teku ta tsaya da ƙafarta. Murna ta cika ni har sai da na tuna wa kaina in ci gaba da numfashi a hankali.

Kak Yati ta yi mini zobe. Na tsaya. Na saurari kunnena, na duba agogo, na ji ƙirjina. Sannan na mayar mata, kuma ban taɓa faɗin lafiya lau mai gaskiya kamar wannan ba.

Ta sa hannu a katina a ranar. Teku ta ƙara mana kwana ɗaya, na koma da kyamara da ma'auni na ɗauki duk abin da Farfesa ke so. Jirgin da ya fito da mu a cike yake da ma'aikatan masauki masu tafiya hutun damina, yana tsalle a kan igiyar ruwa, Baban Nana yana sake neman gafarata. Ranar kare kundina, da ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya tambayi wanda ya ɗauki hotunan ƙarƙashin ruwan, na gyara zama na ce ni ce.

Masu tambayata ko su ma in sun je su zarce adbans kai tsaye, amsata ita ce ban sani ba, ku nemi malama mai kallon ido. Ni dai wata uku da nutso tara ya ɗauke ni, kuma ba iyo nake koyo a cikinsu ba.

Ranar da muka iso Kura gida ya cika. Inna tana zaune a tabarma, ba ta tashi tarbata ba, ta ce wai mutane sun yi yawa ne. Da aka watse na matsa kusa da ita na ce, Inna ya ƙafar? Ta ce da sauƙi. Na durƙusa a gabanta, na bar bakinta na dubi idonta, na sake tambaya. Ta kau da kai, ta gyara ɗankwali.

"Wata huɗu ke nan ba ta barina barci, 'yar nan."

Na ce wa Baban Nana ya juyo da mota, mu kai ta asibiti.